Yini guda a tsibiri: mu sayi yawon jirgi ko mu fita da kanmu?

Tambaya daga wata Hajiya a Misfala, Makka: "Assalamu alaikum. Maigida ya biya mana tafiyar kwana 14 a jirgin ruwa na shaƙatawa a Tekun Indiya, cikin watan Janairu. Za mu tashi daga Jidda ta sama mu hau jirgin a Port Louis, ya bi da mu Reunion, Nosy Be, Zanzibar, Mahe da La Digue, ya dawo. Mu shida ne: ni da shi, yara uku, da surukata mai ciwon gwiwa. Sun turo mana jerin yawon da suke shiryawa a kowane tsibiri, kuɗin ya ba ni tsoro. Dole sai mun biya, ko za mu iya sauka mu yi yawonmu? Yaya kuma batun salla da abinci? Dukkanmu iƙama gare mu, fasfon Najeriya."

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Na yi shekaru ina aiki a ofishin tafiye-tafiye a nan Jidda, na kuma sha raka iyalai a irin wannan jirgi, har ta wannan hanyar da kika lissafa. Ba dole ba ne. Babu mai tsare ki a ƙofa don ba ki sayi yawonsu ba. A cikin tashoshin nan shida, biyu kawai zan ce ku biya, Reunion da Nosy Be, sauran huɗun ku riƙe kuɗinku. Zan faɗi dalili, amma bari in fara da abin da ba ki tambaya ba, don shi ya fi hana mutanenmu sauka.

Tunda iƙama gare ku, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kowa sai da bizar fita da dawowa, huruj wa auda, har autan. Alhaji zai fitar wa iyalinsa ta Abshir, manhajar gwamnatin Saudiyya, tasa kuma ta wurin aikinsa. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, ta ishe ku. Ku duba kada iƙamar wani ta ƙare kuna kan ruwa, fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne koren fasfon. Reunion ƙasar Faransa ce, yuro suke kashewa, amma ba ta cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka bizar Shengen ba ta shiga da mutum sai an rubuta a kanta cewa ta haɗa da Reunion. Tanzaniya, wadda Zanzibar ke cikinta, ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da ba a buga wa biza a bakin shiga, sai an nema tun daga gida, kuma tana cin makonni. Seshels kuwa, ƙasar da Mahe da La Digue ke ciki, wadda aka sani ba ta neman biza a wurin kowa, a 2023 ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido. Kada ku tsaya kan "babu matsala" ta wanda ya sayar muku da tikiti a waya. Ku aika wa kamfanin jirgin hoton fasfo da na iƙama, ku ce su amsa a rubuce, tasha bayan tasha. Akwai kamfanonin da ba sa barin mutum ya hau tun daga farko in ya rasa bizar tasha ɗaya, ko ya rantse da Alƙur'ani ba zai sauka a can ba. Katin rigakafin shawara ma ku saka a jaka. Allura ɗaya ce ta har abada tun 2016, amma mai koren fasfo an fi tambayarsa.

To, yanzu agogo, wanda shi ne gaba ɗayan lissafin. A takarda za ki ga an rubuta isowa 8 na safe, tashi 6 na yamma, ido ya ce awa goma. Ba goma ba ce. Jirgi zai ɗaure ƙarfe takwas, amma ba a buɗe ƙofa sai jami'an ƙasar sun hau sun gama da takardu, rabin awa ko fiye. A ɗaya ƙarshen kuma ana rufe ƙofa rabin awa kafin tashi. Wannan a tashar da jirgi ke jingina da gaɓa ke nan, irin Port Louis da Victoria ta Mahe. A Nosy Be da La Digue, da Zanzibar sau da yawa, jirgin ya fi ƙarfin tashar, sai ya saki anga can nesa, a riƙa kwasar mutane a ƙananan jiragen ceton nan masu ruwan lemo da ke rataye a gefensa. Kowanne mutum ɗari da wani abu yake ɗauka, alhali dubbai ne a cikin babban. Lamba ake rabawa kamar layin ganin likita, kuma waɗanda suka sayi yawon jirgi su ake fara saukewa. Mai fita da kansa yana iya kai goma na safe bai taka ƙasa ba. Da yamma kuma ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan bar gaɓa tun da sauran kusan awa guda. Ni dokata ga duk iyalin da na raka ita ce a dawo bakin ruwa awa ɗaya da rabi kafin lokacin da aka rubuta. In kin cire wannan duka, abin da ya rage a hannunki awa biyar ne zuwa shida, a cikinsu za a yi Azahar, a ci abinci, a kai yara bayan gida. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowane tsibiri ku zaɓi abu ɗaya, in lokaci ya ragu a ƙara da kasuwar da ke kusa da tasha.

Akwai wani dattijo da muka yi tafiya da shi, mutumin kirki, wanda agogon hannunsa ba ya barin lokacin Makka ko ina ya je, wai don ya san sa'ar da ake kiran salla a Harami. A Nosy Be da Zanzibar bai ga illar haka ba, don lokacinsu ɗaya da namu. Daren da muka nufi Mahe aka tura agogon jirgi gaba da awa ɗaya, don Seshels da Morishas (ƙasar Port Louis) da Reunion duk suna gabanmu da awa guda. An sanar ta lasifika, an rubuta a takardar da ake turowa ɗaki kowane dare. Shi yana barci. Da rana ya ce zai tsaya masallaci ya yi La'asar sannan ya leƙa kasuwa, mu wuce. An ce a rufe ƙofa biyar da rabi. Ya iso biyar da kwata a agogonsa, ya tarar da jirgi ya zama ɗan ɗigo a kan ruwa, da matarsa da maganin sukarinsa a ciki. Wakilin jirgin na tashar ne ya tsaya jiransa da fasfonsa a hannu, haka ake yi. Allah ya taimake shi tasha ta gaba La Digue ce: ya kwana a masauki, da safe ya hau jirgin fasinja awa guda zuwa Praslin, wani na kwata awa zuwa La Digue, ya same mu. Da a ce tashar ƙarshe ce kafin Port Louis, sai dai tikitin jirgin sama daga aljihunsa. Tun ranar, duk wanda na raka sai ya ɗaura agogon hannu mai arha an saita shi da lokacin jirgi. Ba na yarda da na waya, don waya takan canza lokaci da kanta, wani sa'in kuma ta ƙi. Takardar daren nan kuwa, a ƙasanta akwai suna da lambar wakilin jirgi na tashar gobe. Ki ba babban yaronki aikin ɗaukar hotonta kowace safiya.

Abin da tsadar yawon jirgi ke saya miki ke nan: in motarsu ta makara, jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Motar da kuka ɗauka da kanku in ta yi faci a bayan dutse, ba ruwan kowa. Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne. Duk abin da ya wuce tafiyar minti 45 daga tasha, ko sai an sake hawa wani jirgin ruwa kafin a kai gare shi, a bi na jirgi. Abin da ke kusa, tasi ta wadatar, kuma mutum shida a mota ɗaya sukan biya ƙasa da kuɗin kujera biyu a bas ɗin kamfani. Ku yi ciniki kan motar gaba ɗaya, zuwa da jira da dawowa, a rubuta adadi da irin kuɗin a takarda direba ya gani, a biya bayan ya dawo da ku bakin tasha. Janairu kuma tsakiyar lokacin guguwa ne a kudancin Tekun Indiya, wanda ke kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Matuƙi na iya soke tasha da asuba saboda igiyar ruwa. Kuɗin yawon jirgi yana dawowa da kansa. Wanda kika tura wa wani ta intanet tun kina Makka, sai dai addu'a. Na waje a biya ranar kawai.

Port Louis ba matsala ba ce, tunda a nan za ku hau. Ku iso da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, don jirgin sama in ya yi latti na ruwa ba zai ji tausayi ba. Da wannan kwanan ku ga garin a natse: babbar kasuwa, masallacin Juma'ar da Musulmin Indiya suka fara ginawa a shekarun 1850, da lambun Pamplemousses da ke arewa kaɗan, inda akwai ganyen bado mai faɗin faranti na gidan biki. Yara su ci dholl puri, wani lallausan burodi mai garin wake da ake naɗe miya a ciki, su sha alouda mai sanyi. Ƙasar Chamarel mai launi bakwai tana can kudu, fiye da awa guda a mota; ku je ranar da ba jirgi a wuyanku, don cunkoson garin nan da yamma ba ya jin magiya. Tuƙinsu ta hagu ne, ki ja wa yara kunne wajen tsallaka titi.

Reunion ku biya. Jirgi na tsayawa a tashar kaya da ba komai kusa da ita sai kwantena, tasi kuma farashin Faransa ne. Abin kallon tsibirin yana sama: dutsen Piton de la Fournaise mai aman wuta, da manyan kwaruruka da gajimare ke rufewa tun kafin Azahar. Hanyar duk lanƙwasa ce, mai jiri ya sha magani tun a ɗaki. In ba ku son hawa, ku sayi kujerar bas zuwa Saint-Denis ku yi salla a masallacin Noor-e-Islam, wanda aka buɗe a 1905. Wanka dai a'a. Tun 2013 aka hana shiga teku a mafi yawan gaɓar tsibirin saboda kifin shak, sai a wuraren da murjani ya katange ko aka sa raga.

Nosy Be ta Madagaska ma ku biya, amma dalilin daban ne. Abin da ke kai mutane can shi ne dabbobin nan masu kama da biri da ake kira lemur, waɗanda asalinsu na Madagaska ne, kuma don a gan su sai an shiga kwalekwale zuwa Nosy Komba ko dajin Lokobe. A bakin tashar Hell-Ville za ki ga masu kwalekwale suna kiran farashi rabin na jirgi. Araha ba ta ado. Na taɓa leƙa ɗaya na ƙirga rigunan ceto huɗu, mutum goma sha biyu a zaune, inji ɗaya tilo. Da yara uku ba zan shiga ba. Wanda bai je ba ya zaga kasuwar garin, ya sayi banila da man furen ylang-ylang da ake haɗa turare da shi. Za ki ga shanunsu masu tozo kamar na Fulaninmu suna jan amalanke. Faransanci suke ji, kuma kati ba ya aiki a yawancin wurare, sai tsaba. Ku riƙe ƙananan takardun dala ko yuro sababbi, don tsohuwa ko mai yaga ba sa karɓa, riyal kuwa babu mai kallonsa. Nan da Zanzibar akwai zazzaɓin cizon sauro. Yaran da aka haifa a Makka jikinsu bai san shi ba, ko da iyayensu sun tashi a Kano. Ku ga likita kafin tafiya, ku riƙe man korar sauro, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo, ko da bayan makonni ne, a gaya wa likita inda aka je.

Zanzibar ce tashar da na fi so, ita ce kuma wadda sayen yawo ya fi zama ɓarnar kuɗi, don daga inda aka sauke ku ƙafa za ta kai ku tsohon gari. Wanda ya san Balad, tsohon garin Jidda, zai ji kamar ya taɓa zuwa: gidajen dutsen murjani, lunguna masu inuwa da mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa, ƙamshin gahawa. Ba mamaki, sarakunan Oman ne suka mayar da fadarsu can a ƙarni na 19, jiragen iska kuma sun daɗe suna kai da kawowa tsakaninsu da Bahar Maliya. Ku ɗauki ɗan jagora mai katin hukuma na awa biyu, ya bi da ku tsohuwar ganuwa, ya nuna muku Baitul Aja'ib, gidan sarauta na 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, sannan wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873 aka gina coci a kai. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wurin suna da nauyi a zuciya; ni dai ina ganin yaro mai shekara goma ya isa ya gani. Ku ƙare a kasuwar Darajani. Masu bin baƙo suna "zo in nuna maka" suna da yawa, mutanen garin kansu papasi suke ce musu, wato kaska. Sallama da murmushi da ci gaba da tafiya sun isa. Da abayarki babu mai yi miki kallon baƙuwa sosai, garin Musulmi ne.

Abu uku kada a ruɗe ku da su a can. Na ɗaya kasuwar abincin dare ta Forodhani da ake ta yabo: sai magariba ake kunna wuta, lokacin kuna kan ruwa. Na biyu rairayin Nungwi da na gabashin tsibirin, tafiyar awa ɗaya da wani abu kowace fuska. Mu da muka saba da bakin ruwan Abhur na Jidda ba mu san janyewar teku ba, don Bahar Maliya ba ta cika motsawa. A gabashin Zanzibar ruwa kan janye har sai kin hango shi can nesa, ki iso da yara da kayan wanka ki tarar da taɓo da ciyawar ruwa. Na uku tsibirin Changuu da ake kai mutane kallon manyan kunkuru. Kunkurun nan daga Seshels aka kawo kakanninsu kyauta a 1919, ku kuwa Seshels ɗin za ku, me zai sa ku biya kwalekwale? In akwai sauran lokaci ku ɗauki tasi ta rabin awa zuwa gonar kayan ƙamshi a Kizimbani, ki ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu. Sai dai ki kula da bakin direba. Suna ƙirga awa daga fitowar rana, irin tsohon agogon da kakanninmu suka sani a Makka, wanda magariba ke zama sha biyu. In ya ce zai dawo "saa tisa", kunnenki mai jin Larabci zai ji tara, shi kuwa uku na rana yake nufi. A nuna masa a fuskar agogo.

Mahe mai sauƙi ce. Jirgi na jingina, tafiyar kamar minti 20 a ƙafa ta kai ku tsakiyar Victoria, babban birnin da za ki gama zagawa kafin shayi ya huce. Akwai hasumiyar agogo ta 1903, kasuwar kifi da kayan lambu, da masallacin Sheikh Muhammad bin Khalifa. In ranar ta faɗo Lahadi kusan komai a rufe yake, ku wuce bakin ruwa kai tsaye. Beau Vallon na bayan tudu, kwata awa a tasi, yashi mai laushi da inuwar bishiyoyi. A Janairu iska daga wannan ɓangaren take busowa, don haka a dubi ruwan kafin a saki yara. Lambun tsirrai na garin yana da kunkurun da na ce, wasu sun girmi surukarki Hajiya Babba nesa ba kusa ba. Ga abin da Alhaji zai so ji: nan Turawan Ingila suka riƙa jibge sarakunan da suka gagare su. Prempeh, sarkin Asante a ƙasar Gana ta yau, ya zauna daga 1900 zuwa 1924, Sa'ad Zaglul, jagoran 'yan kishin ƙasa na Masar, shi ma an kawo shi a 1922. Aljannar masu yawon buɗe ido, kurkukun sarakuna.

La Digue kuwa keke ne motarta. Ana sauke ku a La Passe, masu hayar keke na jere, akwai masu kujerar yaro. In ba kya hawa, akwai 'yan motocin haya masu buɗaɗɗen baya, amma ba su da yawa, a kama tun da safe a kuma tsayar da lokacin dawowa. Abu ɗayanku a nan shi ne Anse Source d'Argent, bakin ruwan nan mai manyan duwatsu sumul da kike gani a kalanda. Ta cikin gonar L'Union ake shiga, ana biya a ƙofa, kunkuru na nan a hanya. Ruwan bai da zurfi don murjani ya tare igiya, ya dace da yara, sai dai kowa ya sa takalmin roba saboda kaifin murjani da ƙayar bushiyar teku. Akwai Grand Anse a ɗaya gefen, ya fi faɗi, ya fi shiru, kuma ruwansa na ja. Ba abin da ya tare shi. A yi hoto a tsaye a kan yashi, halas. Za a yi muku tallan haɗa La Digue da dajin Vallée de Mai na Praslin a yini ɗaya, inda kwakwar coco de mer take, iri mafi girma a duniya, guda na iya kai kilo 20. Wurin ya cancanci gani, amma jirgi biyu ne da mota biyu. In zuciya ta nace, to ta hannun kamfani. Ki kuma shirya wa Hajiya Babba zuciya: Turawa a bakin ruwan nan ba su san akwai surukai a duniya ba. Ku ƙara gaba kaɗan bayan duwatsun farko, akwai lungunan da iyali za su shimfiɗa tabarma su kaɗai. Ke da 'yan mata ku sayi kayan ninƙaya masu rufe jiki tun a nan, can tsada ne in ma an samu. Kuma kada baƙar fata ta yaudare ku. Na ga ɗan Bahaushe yana saɓa kamar maciji bayan yini guda a wannan ruwa. A shafa man kariya, a sa hula.

Gwiwar Hajiya Babba ita za ta raba muku tashoshin. Shiga ƙaramin jirgi sai an taka daga wani dandamali zuwa abin da ke sama da ƙasa da igiya, ma'aikata biyu na riƙe da hannunka. Ranar da teku ya kwanta ba komai, ranar da ya motsa ko saurayi sai ya yi salati, kuma yawanci ba sa ɗaukar wanda ba zai iya takawa da ƙafarsa ba. Port Louis da Mahe nata ne, da tasi har ƙofa. Zanzibar a duba ruwan da safe. Nosy Be ta zauna, kuma ba hasara ta yi ba: ranar tasha jirgi ya zama fanko, ba layi a wurin abinci, ga kujeru a inuwa tana kallon tsibirin. A bar mata jika ɗaya. Duk mai shan magani ya sauka da na kwana biyu a jaka, kin ji labarin dattijon. Inshorar tafiya kuma ta zama mai ɗaukar jinya da kwaso mara lafiya, don asibitin jirgi kuɗi ne, ba kaɗan ba.

Salla ba za ta ba ku wahala ba, sai dai alƙibla za ta ba ku mamaki. Bahaushe ya tashi da sanin gabas, a Jidda ma gabas muke kallo. A Zanzibar arewa ce sak, don kusan layi ɗaya suke da Makka. A Nosy Be da Port Louis da Mahe arewa ce mai karkata yamma. A ƙasa bi masallaci ko manhajar waya. A cikin jirgi ƙarfe na rikita allurar waya, gara ki kunna talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa. Kasaru ta halatta gare ku. Haɗa salla biyu kuwa, malamanmu na Malikiyya suna da magana a kan tafiyar ruwa, Alhaji ya tambayi malaminsa kafin ku tashi. Abin da nake yi shi ne in tsara yawon yadda Azahar za ta same mu kusa da masallaci, don nan ne ake samun ruwa da bayan gida mai tsabta da wurin miƙe ƙafa. Ƙananan masallatan lungu ba duka ke da sashen mata ba, ki riƙe 'yar darduma mai naɗewa da gorar ruwa.

Abinci: ku cika ciki da karin kumallo a jirgi, kun riga kun biya shi. Kada ku sauka da 'ya'yan itace ko nama ko sanwici, tsibiran nan na tsaron cutar tsirrai kuma ana tara. Biskit a ledarsa ba laifi. Zanzibar ki ci hankali kwance, pilau da biryani da kifi. Port Louis halal ba ya wuyar samu, ana rubutawa a ƙofa. Seshels yawancinsu Kiristoci ne, a tsaya kan gasasshen kifi da shinkafa, a tambayi ko an zuba giyar rake a miya ko kayan zaƙi. In kin ga wani romo a jerin abinci da ba ki gane sunansa ba ki tambaya, don suna dafa jemage. Ruwa na gora mai hatimi, ƙanƙara a Nosy Be a haƙura. Wayoyi kuma a rufe musu layi da zarar jirgi ya bar gaɓa, don akwai layin tauraron ɗan'adam na cikin teku da waya kan kama da kanta; yaro ɗaya da bidiyo ɗaya sun isa su cinye kuɗin tsaraba.

Tsarabar ma da ƙa'idarta. Murjani, ƙwaryar kunkurun ruwa, manyan katantanwa, duk a bar su inda aka gan su ko da a shago ake sayarwa. Coco de mer ba ta fita sai da lamba da takardar gwamnati, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin abin ajiyewa a kan talabijin. A gonar Zanzibar za a cusa miki gyaɗar ƙamshi cikin kwandon kayan yaji. Cire ta, kwastan na Saudiyya ba sa barin a shigo da ita ita kaɗai. Banila ki saya a Nosy Be, mai laushi da ke lanƙwasuwa ba ta karye ba. Kanumfari ki tambayi na Pemba, tsibirin da ke arewa da Zanzibar, can ne mafi yawansa ke fitowa, ki latsa ɗaya da farce ki ga mai ya fito kafin a auna. In kin samu mai kyau, Hajiya, rabin kilo ya ishe ni.